Ina Masu Tambaya? Daga Zauren Sifawa Zuwa Sashen Lissafi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu waɗanda suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, muka ga ya kamata mu kawo shi wannan fili namu, ko Allah zai sa a sami gyara.

Ran wata Laraba cikin zangon karatun da ya wuce, aka manna sanarwa a allon sashenmu na lissafi, cewa da ƙarfe goma sha biyu wani malami da ya dawo daga ƙaro ilmi zai gabatar da sakamakon bincikensa. Mu 'yan aji uku muka shiga, ba don komai ba sai don mun ji an ce za a zagaya da takardar sa hannu. Malamin nan ya yi kusan sa'a guda yana cika allo yana sharewa, gumi na karyo masa, ga shi wuta ta ɗauke tun bai kai rabi ba. Da ya ƙare, shugaban zama ya ce, "Akwai mai tambaya?" Ɗaki ya yi tsit, kai ka ce ruwa ya ci mu. Ya sake maimaitawa, shiru. Daga nan wani dattijon malami ya yi gyaran murya ya yaba wa mai jawabi, aka tafa, aka watse. A bakin ƙofa muka ji wani ɗan ajinmu yana cewa tun a layi na uku ya ga inda aka raba da wata lamba, ba tare da an nuna cewa lambar nan ba za ta zama sifiri ba. Muka ce masa, "To, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ni wa? In miƙe gaban jama'a in ce Dakta ya yi kuskure?"

Wataƙila ɗan'uwan nan namu ya yi daidai, wataƙila kuma shi ne bai fahimta ba. Har gobe babu wanda zai sani. In ya yi daidai, malamin ya tafi da ɓaraka cikin aikinsa, sai ran da wani baƙo a wata ƙasa ya tona masa ita. In kuwa shi ne ya kuskure, to, ya tafi da kuskurensa, kuma da shi zai je ya karantar da yara in ya fita bautar ƙasa. Ko ta ina aka duba an yi hasara, kuma shirunmu ne ya jawo ta. Abin da muke so mu ce a taƙaice shi ne, taron gabatar da bincike, wanda muke kira semina, ba ya da amfani in babu masu tambaya, mu ɗalibai kuwa mun mai da shi wurin sa hannu da tafi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa masana lissafi suke taruwa su saurari juna. A wasu fannoni mutum yana iya gwada abu sau da yawa, in ya ga yana fitowa daidai ya ce ya tabbata. Lissafi bai yarda da haka ba. Ga wani tsohon misali da aka sani tun ƙarni na 18. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita lambar a kai, sa'an nan ka ƙara 41. In ka fara da sifiri za ka sami 41. In ka ɗauki 1 za ka sami 43, in 2 ne 47, in 3 ne 53. Dukansu lambobi ne waɗanda ba su rabuwa sai da 1 ko da kansu. Ka ci gaba har 39, ba za ka ga ko ɗaya ta saɓa ba. Mai gaggawa sai ya ce ya gano ƙa'ida, tun da ya gwada sau arba'in. Amma da ka sa 40 sai ka sami 1,681, wadda ita ce 41 sau 41. Ƙa'ida ta rushe. Saboda haka a lissafi ba a karɓar magana sai da hujja, mataki bayan mataki, kuma kowane mataki sai ya jure a tambaye shi, "Don me?" Mai hujja kuwa ɗan Adam ne, idonsa yakan tsallake kuskuren kansa don ya saba da shi. Dole ne ya kai aikinsa gaban wasu idanu.

Manyan masana ma ba su kuɓuta daga wannan ba. Wajen shekarar 1637 wani Bafaranshe mai suna Fermat ya rubuta wata magana a gefen littafi. Kowa ya san 9 da 16 sun ba da 25, watau 3 sau 3 a haɗa da 4 sau 4 ya yi daidai da 5 sau 5. Fermat ya ce in aka ninka kowace lamba da kanta har sau uku ko fiye, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su yi irin wannan dacewa ba. Sama da shekara 350 ana neman hujjar wannan magana. A watan Yuni na 1993 Andrew Wiles, bayan ya yi shekara bakwai yana aiki a ɓoye, ya tsaya a Kembirij ta Ingila ya yi lacca uku a jere, a ta ƙarshe ya sanar cewa ya kammala. Duniya ta ɗauka. Amma da masu tantancewa suka zauna suna bin aikin layi layi, ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, ya yi ta aiko masa da tambayoyi, har wata tambaya ta fallasa wani giɓi a tsakiyar hujjar. Wiles bai yi fushi ya ce an raina shi ba. Ya koma ya duƙufa fiye da shekara guda, ya gayyato tsohon ɗalibinsa Richard Taylor ya taimake shi, suka toshe giɓin a watan Satumba na 1994, aka buga aikin a 1995. Ku lura da abu biyu: tambaya ce ta ceci aikin, kuma wanda ya taya malami gyara ɗalibinsa ne.

To, mun san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu a nan an hore mu da kunya da girmama na gaba, yaro ba ya ja da malaminsa. Ga waɗannan muke so mu ɗan yi tafiya tare, tafiyar da ba ta da nisa. Da yawa daga cikinmu 'yan Boɗinga ne da Shagari, duk hutu muna bin hanyar nan da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu, muna wuce Sifawa, wasunmu ma can aka yanke mana cibiya. Mota na wucewa muna ta hira, ba mu ko ɗaga kai. Alhali a wannan gari Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815, lokacin da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A shekarun nan na Sifawa ne, a 1812, ya damƙa kulawa da yammacin daula ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya mai da hankali ga karantarwa da rubuta littattafai. Malam Abdullahi yana nan kusa a Boɗinga. Malamai da almajirai suna ta zuwa daga nesa. In ana neman tsangayar bincike a tarihin ƙasar nan, ga ta nan a bakin hanyarmu.

Yaya mutanen nan suka ɗauki saɓani cikin ilmi? Babu wanda Shehu ya girmama cikin malamansa kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yabe shi yabo mai yawa. Duk da haka, da ya ga ra'ayin malaminsa game da hukuncin Musulmi mai aikata manyan zunubai bai dace da abin da shi ya fahimta daga littattafai ba, sai ya rubuta ya bayyana saɓaninsa da hujja, girman malamin kuma bai ragu a idonsa ba. Malam Abdullahi ƙanen Shehu ne kuma almajirinsa, amma sun sha bamban a kan wasu mas'aloli, kamar hukuncin kaɗe-kaɗe da laƙabin sarauta, kowa ya rubuta abin da ya dogara a kai, suna zaune kusa da juna. Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno, wanda ya tuhumi dalilan jihadin gaba ɗaya, kuma da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba, ya kawo ta sa'an nan ya amsa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Waɗannan su ne suka koya wa ƙasar nan ladabi, ba su kuwa ɗauki tambaya rashin ladabi ba. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975, aka raɗa mata sunan Shehu a 1988, da sauran jami'o'inmu na Arewa, duk magada wannan zaure ne. Shirun da muke yi a ɗakin semina ba daga gare su muka gaje shi ba. Tsoro ne muka sa masa rigar kunya.

Wasu kuma za su ce, to, wancan ilmin addini ne, shi lissafi baƙo ne, Bature ya zo da shi cikin jakarsa. Wannan ma rashin sanin gida ne. Duk alƙalin da ya taɓa raba gado ya yi lissafin da zai sa ɗan aji ɗaya ya ciji alƙalami. Ga misali sananne cikin littattafan fara'ili. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Mata tana da tumuni, 'ya'ya matan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. In aka kasa dukiya kashi 24, mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. A haɗa, an sami 27, ga shi kuwa kashi 24 ne kaɗai a ƙasa. Rabo ya fi dukiya. Malamai suka warware da abin da ake kira auli: a kasa dukiyar 27 maimakon 24, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa. In mamacin ya bar naira 270,000, mata ta sami 30,000, kowace 'ya 80,000, uwa 40,000, uba 40,000. Tumunin matar ya koma kashi ɗaya cikin tara. Wannan mas'ala ita ake kira Mimbariyya, kuma ana karantar da ita a zaurukan Sakkwato tun kafin a ga allon makarantar boko. Kai, shi kansa littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban sashe na cikinsa mas'alolin gado ne da wasiyya.

Ga kuma hatimi, wanda kowa ya taɓa gani a allon malam. Gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, sai ka sami 15. Me ya sa 15? Don jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku kuwa suka raba ta daidai. Me ya sa kullum 5 ke zama a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Cikin layukan nan an ƙirga kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka ƙirga sau huɗu. Watau 60 ta ɗara 45 da ninki uku na lambar tsakiya, rarar kuwa 15 ce, saboda haka lambar tsakiya 5 ce, babu makawa. Wannan ita ce hujja, kuma ga ta mun kawo ta da Hausa ba tare da ta rasa komai ba. Wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, kamar mai gida 25 wanda kowane layinsa ke ba da 65. Ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A zuriyar Shehu ma akwai jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rasu a 1864, ya yi suna wajen ilmin falsafa da hisabi da sanin taurari. A zamanin boko kuma, Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978. Wanda ya ce lissafi ba namu ba ne, sai ya faɗa mana na wane ne.

Yanzu bari mu yi wa kanmu adalci, mu saurari uzurin 'yan'uwanmu, don ba duka ne na banza ba. Uzuri na farko, suna cewa ba su fahimtar abin da ake faɗa, ina amfanin zama? Gaskiya ne, sau da yawa bayan minti biyar mai jawabi ya yi mana nisa. Amma ku tambayi malamanmu a keɓe, za su gaya muku su ma in baƙo ya zo daga wani reshe na lissafi ba duka suke kamawa ba. Almajirin zaure yakan zauna yana jin karatun na gaba da shi shekara da shekaru kafin ya kai littafin, ran da ya kai kuwa sai ya tarar kunnensa ya riga ya saba. A semina ne muke ganin abin da littafi ba ya nunawa, watau yadda masani ke tuntuɓe, ya tsaya, ya share, ya sake hanya. Littafi yana kawo mana gini an riga an yi masa yaɓe, a semina kuwa muna ganin tubali a hannun magini. Bugu da ƙari, "Malam, ban gane yadda aka tashi daga layi na biyu zuwa na uku ba" cikakkiyar tambaya ce, kuma sau da yawa rabin ɗakin ita ke cikinsu.

Uzuri na biyu ya fi nauyi. Suna cewa wanda ya kunyata malami a bainar jama'a zai gamu da shi ranar jarrabawa. Ba za mu ce wannan tsoro ba shi da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. A nan muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su ne za su kashe wannan tsoro. Ran da ɗalibi ya nuna wa farfesa kuskure a allo, farfesan ya juyo ya ce, "Ka yi gaskiya, na gode," ran nan ya karantar da abin da ya fi laccar zango guda. Mu kuma a namu ɓangaren mu san yadda ake tambaya. Akwai bambanci tsakanin mai neman sani da mai neman a ce ya iya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma yadda aka faɗi magana yakan sa a karɓe ta ko a ƙi ta.

Uzuri na uku shi ne halin rayuwa. Ɗalibin da bai karya kumallo ba, yana tunanin kuɗin mota da na rajista, ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wa zai ce masa ya zauna sauraron abin da ba zai fito a jarrabawa ba? Mun ji wannan, mu ma a ciki muke. Sai dai mu tuna, cikin dukan fannonin kimiyya babu mai arha kamar namu. Mai ilmin sinadarai yana bukatar ɗakin gwaji da kwalabe da magunguna, mu kuwa allo da alli da mutum biyu masu gardama sun ishe mu. Mutanen Sifawa sun yi nasu karatun ne da fitilar mai da tawadar da suka dafa da hannunsu, bayan shekarun yaƙi da yunwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a 1988, tana nan a Sheda kusa da Kwali, Farfesa James Ezeilo ne ya fara shugabantarta, kuma an kafa ta ne don horar da masu bincike. Amma wanda bai saba buɗe baki a sashensu ba, in an kai shi Sheda ko wata ƙasa ma shiru zai yi.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, kada ku ce wannan magana ta 'yan makaranta ce. Wanda ya koyi yin shiru a gaban allo, shi ne gobe za a miƙa masa takardar kasafin kuɗi, ya ga jimla ba ta haɗu ba, ya sa hannu don mai gida ne ya kawo. Shi ne zai ga ƙididdigar ɗalibai ko ta marasa lafiya da hankali ba zai ɗauka ba, ya buga hatimi ya wuce da ita gaba. Ɗabi'ar tambayar "ina hujja?" ba a ofis ake koyonta ba, can an makara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasar nan kuwa tana cike da matsalolin da ke jiran masu lissafi. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a Jihar Sakkwato, har ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na jami'a. Yawan ruwan da madatsar Goronyo za ta riƙe, da lokacin da ya kamata a sake shi, da inda zai kai cikin sa'o'i nawa, duk tambayoyin lissafi ne. Yadda sanƙarau ya yaɗu a Zamfara da Sakkwato a 2017, da yawan mutanen da za a yi wa rigakafi kafin cuta ta tsaya, shi ma lissafi ne. Haka lissafin tsayuwar wata, wanda jama'a ke jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a kansa kowace shekara.

Saboda haka ga shawarwarinmu, ba kuwa masu cin kuɗi ba ne. Da farko, mu ɗalibai mu riƙa halartar semina ko babu takardar sa hannu, kowa ya shiga da takarda da alƙalami, ya ƙudura cewa ba zai fita ba sai ya rubuta tambaya guda, ko ya yi ta a ɗaki ko ya bi mai jawabi da ita waje. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda suka saba zama a layin baya, su matso gaba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'Yan Taru masu kai ilmi ƙauyuka, babu wanda ya ce mata ta yi shiru.

Na biyu, ƙungiyar ɗaliban lissafi ta buɗe namu zama na kanmu, sau ɗaya a mako, inda ɗalibi zai tsaya minti ashirin ya bayyana hujja guda da ya fahimta, ko da tsohuwa ce, sauran su yi masa tambayoyi. A nan za mu koyi yin kuskure a gaban jama'a ba tare da ƙasa ta tsage ba. Wanda ya sha tambayoyin tsaransa, ranar kare kundin digirinsa ba zai yi rawar ɗari ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, muna roƙon duk mai gabatar da bincike ya ba mu minti goma na farko, ya faɗa mana da misali mai sauƙi wace tambaya yake ƙoƙarin amsawa, da dalilin da ya sa ta dame shi. Bayan nan ya tashi sama yadda ya ga dama, mun dai san inda ya nufa.

Na huɗu, ko sau ɗaya a zango a yi zama guda da Hausa, a buɗe ƙofa, a gayyato alƙalai da malaman zaure masu fara'ili da hisabi, da ma'aikatan ƙididdiga da na ruwa, kowa ya kawo matsalarsa a baje a allo. Za a sha wuya wajen kalmomi, ba mu musa ba, amma wanda ya iya bayyana abu da harshen uwarsa shi ne ya fahimce shi. Shehu da kansa da Fulatanci da Hausa yake wa jama'a bayani, ya bar Larabci ga littafi. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu da harshensu. Abin da aka yi wa labarin ƙasa ana iya yi wa lissafi.

Na biyar, in hutu ya zo, mu 'yan Boɗinga da Shagari da kewaye mu nemi izinin shugabannin makarantun sakandare na garuruwanmu, mu shiga aji da hatimin nan mai gida tara da mas'alar gadon nan, mu bar ƙannenmu su yi ta tambayarmu har su ƙure mu. In sun ƙure mu mu ce ba mu sani ba, za mu bincika, don su ga ba abin kunya ba ne. Zama na farko kuwa muna ganin babu inda ya dace da shi kamar Sifawa.

An sake manna wata sanarwa a allon sashe, Laraba mai zuwa akwai semina da ƙarfe goma sha biyu. Ɗan ajinmu da muka ba ku labarinsa ya yi mana alkawari zai zauna a layin gaba, mun kuma ce masa in ya ɗaga hannu ba zai ɗaga shi kaɗai ba. Muna gayyatarku, ku zo da tambayoyinku. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.